Waliyyin Afaf

Sawaƙi, 1 ga Satumba, 1997

Zuwa ga Yaya Hifni Abdur-Radi, baffan Afaf kuma waliyyinta.

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga gidan marigayi Atiyya gaba ɗayansa, wato ni da Afaf da surukata Hajiya Nabawiyya da saniya, don mu ke nan. Muna fatan kana lafiya, zafin Kwarin Urdun bai gasa ka ba. Hajiya na zaune kusa da ni kamar yadda ta saba, ina rubutawa ina karanta mata. Ta ce in gaya maka gwiwar nan tata ba sauƙi, man shafawar da ka aiko kuwa wari kawai ya iya. Afaf ta yi tsayi, ta kusa kamo kafaɗata. Katin sakamakonta da ka sa wa hannu ya dawo lafiya. Na ba Rumani direba fayish, busasshen burodin nan namu, da tulun zumar rake ya kawo maka. Ka ƙirga fayish ɗin, don na san bakin Rumani ba ya zama banza a hanya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro ba lokacin kati ba.

Ranar 23 ga Oktoba za a zaɓi majalisar iyaye ta makarantar su Afaf. Kujera biyar ce ta iyaye. Ina so in tsaya.

Na san ka ajiye takardar ka sake ɗauka. Hajiya ma sai da ta yi salati uku a jere. Amma ka saurara. Banɗakin 'yan mata na makarantar nan ba shi da ƙyaure ko ɗaya. Bara sai hedimasta, Ustazu Mitwalli, ya ce tunda babu ƙyaure ai ba shi da amfani, ya sa aka loda karyayyun bencina a ciki. Yaran mata tun safe har azahar ba su da inda za su zaga. Matan ajin su Afaf sun fara su ashirin da shida, yanzu su goma sha ɗaya ne. Majalisar kuwa, wadda Hajji Dandarawi ke shugabanta tun kafin a haifi Afaf, aikinta na bara shi ne fentin ƙofar shiga da sabuwar lasifika. Yanzu har daga gonar rake muna jin hedimasta yana tari.

Na je ofishinsa in ba da sunana. Ya buɗe rajista, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Waliyyin Afaf Atiyya, Hifni Abdur-Radi. Ina ke a nan?"

Na ce, "Ustazu, ni fa na haife ta."

Ya ce, "Ummu Afaf, rajista ba ta san haihuwa ba, waliyyi ta sani. Wanda sunansa ke nan shi ke zaɓe, shi ake zaɓa."

Na ce, "To mutumin yana ƙasar Urdun yana tsinkar tumatir."

Ya ce, "Sai ya aiko da takardar sauka daga zama waliyyi, da hatimin ofishin jakadanci a kai." Yana faɗa yana murmushi, don ya tabbata ba za ta zo ba.

Ka tuna yadda sunanka ya shiga wurin. Atiyya bai cika shekara a ƙasa ba, ni ba na fita, kai ne namijin da ya rage mana a dangi duk da kakanni ne suka haɗa ku. Kai ka riƙe hannunta ranar farko, aka rubuta ka. Ba mu manta ba. Amma bana ajinta na ƙarshe ne a makarantar, kuma sai mai ɗa a ciki ke tsayawa. In bana ta wuce ni, shi ke nan.

Don Allah ka yi min takardar. Kai ma ka huta da ɗawainiyarmu, shekara huɗu ana bin ka da kati har wata ƙasa.

Hajiya ta ce in rubuta cewa ba da yawunta ba. Na rubuta.

Ummu Afaf

*

Sawaƙi, 20 ga Satumba, 1997

Yaya Hifni,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Saniya ta haihu, mace.

Rumani ya je ya dawo sau biyu hannu rabbana. Na tare shi a tasha, abin da ban taɓa yi ba, na ce ko dai ya jefar da wasiƙata a teku ne. Ya rantse da gicciyen da ke zane a hannunsa cewa hannu da hannu ya ba ka, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu, ka tambaye shi ko an fara saran rake. Saran rake a Satumba, Yaya? Ko shekara huɗu ta isa ta mantar da mutum lokacin rake?

In ba ka da lafiya ne ka faɗa. In fushi ne ma ka faɗa, na fi iya ɗaukar faɗa a kan shiru. Gidan nan shirunsa ya ishe ni. Afaf ta tafi makaranta, Hajiya ta yi barcin hantsi, ni da kaji ne kawai muke kallon juna.

An koma karatu makon jiya. Wasu biyu ba su dawo ba, saura tara. Ɗaya 'yar maƙwabtanmu ce, Su'ad, wadda take zuwa ta ɗaya tun suna aji biyu. Jiya na gan ta a bakin ƙorama tana wankin tukwane, ta ɓoye fuska don kada mu haɗa ido.

Saura kwana talatin da uku.

Ummu Afaf

*

Kwarin Urdun, 28 ga Satumba, 1997

Zuwa ga Ummu Afaf,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Hajiya da kyau, Allah ya ba ta sauƙi. Ki gaya mata man nan wari shi ne aikinsa, ta daure. Ina gaida Afaf. Lafiyata ƙalau, sai bayan nan da ke ƙara in na sunkuya. Fayish ya iso, saura goma sha bakwai, ke kika san nawa kika zuba.

Wasiƙunki biyu suna hannuna. Ban amsa ba don duk amsar da na fara sai in ga ba ta karantuwa a gaban Hajiya.

Wai ke kin san abin da kike nema kuwa? Ranar zaɓe alli ake ɗauka a rubuta sunan mai takara a allo, cikakke, da na uba da na kaka. Sannan a kira shi da lasifikar nan da kike yi wa dariya. A garinmu! Inda in kana son ka ga jini sai ka ambaci sunan uwar wani a kasuwa. Ni da na girma tare da ku ban taɓa furta sunanki a gaban namiji ba, Atiyya ma har ya koma ga Allah "mutanen gida" yake cewa. Yanzu kowane mai shan shisha a bakin gada ya samu abin taunawa? Gobe yara su riƙa bin Afaf da shi a hanya? Wannan ba gyara ba ne, tonon asiri ne.

In ƙyaure ne matsalar, a gaya wa Hajji Dandarawi cikin mutunci. Maza su yi maganar.

Kuma Rumani ya ce ana cewa ba ke kaɗai ba ce a wannan shawara. Wai Ustazu Karam malamin lissafi ne ke ɗora ki, shi da matarsa ta rasu bara. Ban ce na yarda ba. Amma in akwai wanda ake so a share wa wuri a rajista, a gaya min kai tsaye, ba sai an bi ta banɗaki ba.

Abin da ke ƙasa ki tsallake shi in kina karanta wa Hajiya.

Kin ce in huta da ɗawainiyarku. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Wa ya gaya miki na gaji? Bari in gaya miki yadda nake a nan. Ɗakina na bulo ne a ƙarshen gona, bayan rumfunan leda. Mai gonar shekara huɗu bai riƙe sunana ba, "Kai, ɗan Masar" yake cewa, kuma mu bakwai ne muke waiwayawa. Iyayena sun rasu, gidanmu na Sawaƙi ƙannen babana sun raba, matar da na aura ba ta zauna ba, Allah bai ba ni nawa ba. A duk faɗin ƙasar Masar, wuri ɗaya ne aka rubuta sunana don wani yana bukatata, shi ne rajistar nan. In katin Afaf ya zo, wanke hannu nake yi kafin in taɓa. Makinta duk na kwafe su da fensir a bangon ɗakina, tun daga aji ɗaya. Abokan aiki suna tambaya, in ce na 'yata ne.

Kuma kin san garinmu sarai. Wasiƙa tana shiga gidan matar da mijinta ya rasu ne don ni waliyyi ne, akwai kati, akwai dalili. Ranar da na sauka, da wane suna zan rubuto? Wa zai rubuto min?

Ba zan yi takardar ba. Ki yi haƙuri.

Hifni Abdur-Radi

*

Sawaƙi, 4 ga Oktoba, 1997

Yaya Hifni,

Sallama. Kowa lafiya. Wannan wasiƙar Hajiya ba ta san da ita ba, ta tafi gaisuwar mutuwa ƙetaren ƙorama, sai la'asar. Taka na karanta mata rabi. Ta ce, "Takarda ta cika gaba da baya, amma maganar 'yar wannan?" Na ce rubutunka ne manya-manya.

Ustazu Karam! Wallahi sai da na yi dariya har saniya ta waiwayo. Mutumin da in hedimasta ya yi atishawa shi ke neman gafara? Shi zai ɗora ni? Ka gaya wa Rumani ya riƙe sitiyari ya bar mutuncin mutane. Kai kuma da ka saurare shi, na bar ka da Allah. Ta yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Ka ce maza su yi maganar. Sau uku ina aika wa Hajji Dandarawi. Amsarsa ita ce, "Mu da muka yi karatu a gindin bishiya mun mutu ne?" Jikokinsa mata a birnin Jirja suke karatu, mota ke kai su.

To bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Atiyya. Ko da yake kai ka sani, ka dai yi kamar ba ka sani ba.

Ina aji huɗu a makarantar nan, lokacin sanyi. A lokacin ma babu ƙyaure, yara maza suna hawa katanga suna leƙe, don haka ba ma shiga. Ranar na sha shayi kofi biyu don sanyi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya malam ya kira ni allo in yi rabawa. Na iya lissafin, Yaya, har yau ina tuna shi, ɗari da arba'in da huɗu a raba goma sha biyu. Ina riƙe da alli abin ya ƙwace min. A gaban aji duka. Na ji ɗuminsa har cikin takalmina. Na fita da gudu na bar jakata, ban sake taka makarantar ba sai ranar da na je ofishin Ustazu Mitwalli kwanan baya. Babana bai tambayi dalili ba, murna ma ya yi ya samu mai kai masa abinci gona.

Washegari da safe na tarar da jakata a bakin ƙofarmu, an kakkaɓe ta, an ɗaure bakinta. Na hango ƙeyarka kana shan kwana. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Shekara ashirin da biyu.

Rubutun nan da kake gani, a littattafan Afaf na ƙarasa koyonsa, aji bayan aji, tare da ita.

Yanzu Afaf ba ta shan komai da safe. Na ɗauka ƙyuya ce, har na taɓa marinta a kan shayi. A watan Mayu ta kwanta da zazzaɓi da ciwon mara, likitar asibitin ƙauye ta tambaye ta sau nawa take zagawa a makaranta. Ta ce, "Ba a zagawa." Likita ta dube ni. Ni da na fi kowa sanin amsar, ni ce ban tambaya ba. Wannan kallon ne ya kai ni ofishin hedimasta.

Abin da nake so ba shi da yawa. A fitar da bencinan nan, a yi ƙyaure uku da katakonsu, ƙofa uku ce. A sa tulun ruwa. A samu mace ɗaya cikin iyaye tana leƙawa duk mako. Sannan a bi gidajen yaran da suka bari, ɗaya bayan ɗaya, a roƙi iyayensu. Kai kafinta ne kafin ka zama mai tumatir, ka san aikin kwana biyu ne. Amma in ba ka da kujera a ɗakin nan, ko tari ka yi ba a rubutawa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce duk don Allah da yara nake yi ba. Akwai nawa a ciki. Ina so in koma gaban allon nan in tsaya da ƙafafuna, ko sau ɗaya. Sunan da kake tsoron a kira, ni na manta yadda yake a bakin mutum. Tun rasuwar innata ba wanda ya kira ni da shi.

Maganar hutu kuwa, ladabi ne na yi a gaban Hajiya, ka ɗauke shi kora. Ka ɗauka ban san abin da takardar za ta ci ba? Na sani tun kafin in ɗauki biro. Kwana tara ina juya abin. Wasiƙarka sau huɗu take zuwa a shekara, kuma ita kaɗai ce abin da ke shigowa gidan nan da ba na Hajiya ba, ba na Afaf ba. Ina sane da ranar da bas ɗin Rumani ke isowa fiye da yadda nake sane da ranar kasuwa. Na auna wannan da leɓen yarinyar nan da ke tsagewa don ƙishi, na zaɓa. Ba da sauƙi ba.

In ka ce a'a har yanzu, ba zan sake roƙo ba. Katin tsakiyar shekara zai zo maka a Janairu kamar kullum.

Saura kwana goma sha tara.

Ummu Afaf

*

Amman, 15 ga Oktoba, 1997

Ummu Afaf,

Sallama. Ina gaida Hajiya da Afaf. Ina lafiya. A tashar mota nake rubuta wannan a kan gwiwata, Rumani na ɗura mai, ki yi haƙuri da rubutun.

Takardar tana cikin ambulan ɗin, da hatimi biyu. Kada ki ninke ta a kan hatimin. Ki kai wa Mitwalli da hannunki, a gaban shaida, kada ya ce iska ta ɗauke.

Ki yafe min maganar Karam. Mutum in ya daɗe shi kaɗai, duk abin da aka jefa masa sai ya tsira a ransa.

Na nemi izinin kwana ɗaya wurin mai gona, ya ce tumatir ba ya jira. Na ce 'yata ce ke da bukata. Ya ce, "Ashe kana da 'ya, ɗan Masar?" Na ce ina da ita har zuwa gobe. Bai gane ba, ya dai bar ni.

Layin ofishin ya kai bakin titi, duk mutanenmu ne, daga Suhaj, daga Ƙina, kowa da takarda a hannu. Da na isa taga, ma'aikacin ya ce, "Ka sauka ka bar wa wa?"

Na ce, "Uwar yarinyar."

Ya ce, "Sunanta."

Na sunkuya na faɗa a hankali. Akwai gilashi tsakaninmu. Ya ce, "Ɗaga murya, bawan Allah, ba sirrin soja ba ne." Wani ɗan Ƙina a bayana ya ce, "A ba shi takarda ya rubuta mana, ba ka ga mutumin kudu ba ne?" Ma'aikacin ya ce shi ba shi da lokaci. Sai na ce, to, in ni na kasa faɗa a garin da ba wanda ya san ta, ita yaya za ta yi a gaban Dandarawi? Na buɗe baki na ce, "Wahiba Abdul-Latif Himdan." Har na ƙarshen layi ya ji. Rufin bai faɗo ba. Ma'aikacin ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce na gaba.

Na fito na zauna a bakin titi na daɗe. Suna ne mai daɗi. Ban san ban taɓa faɗarsa ba sai yau.

Jakar nan, na tuna. Akwai alli a cikinta, guntu, da kika gudu da shi ya faɗi a tsakar makaranta, na tsinta na sa miki. Wanda ya fara yi miki waƙar tsokana a hanya kuwa, ki duba haƙoransa na gaba in kin gan shi, aikin hannuna ne, yanzu shi ke sayar da taki a bakin gada. Ban taɓa gaya miki ba don kada ki san na sani.

Ga shawarar kafinta. Katakon benci yana da kyau in ba a bar shi a ruwa ba. A ɗaga ƙyauren daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu don kada ya ruɓe. Sakata ta ciki ita ce maganar duka, ƙyauren da ba ya kulluwa labule ne. A sa ta ƙasa-ƙasa, daidai hannun 'yar aji ɗaya, kuma mai laushi, wadda yarinya za ta iya zarewa ba ta kulle kanta tana kuka ba. Kada ki bari su sayo ta kasuwar Jirja, wata biyu take tsatsa.

In kin tsaya a gabansu kada ki kalli ƙasa. Ki kalli Dandarawi a tsakiyar rawani.

Daga wannan ba zan ƙara rubutowa ba, kin san dalili, kada Hajiya ta sha wahalar faɗa. Ki ce wa Afaf baffanta na nan. Bangon ɗakina akwai sauran wuri, amma ba komai.

Hifni

*

Sawaƙi, 22 ga Nuwamba, 1997

Yaya Hifni,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. An fara sanyi. Hajiya na zaune a nan. Ta ce amana in ta iso dole a ce ta iso, don haka ta yarda da wannan guda ɗayar, daga ita kuma an rufe. Ta ce in gaya maka ba ƙinka take yi ba, kai ma ka sani.

Takardarka ta iso saura kwana huɗu. Na kai tare da likitar nan a matsayin shaida. Ustazu Mitwalli ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta a rana, har ya shinshina hatimin. Sannan ya ɗauko rula da jan biro ya ja layi a kan sunanka, a gabana. Layi ɗaya, miƙaƙƙe. Na zo da shirin murna, sai na ji kamar an yi min rasuwa. Na ce masa ƙura ce ta shiga idona.

Ranar zaɓe maza sun fi tamanin a tsakar makaranta, mace ni kaɗai a kan benci. Sauran mata suna bayan katanga, baƙaƙen mayafai jere, kamar masu jiran gawa. Ana shirin farawa sai ga Hajiya da sandarta, gwiwa ko ba gwiwa, ta ratsa maza ta zauna kusa da ni. Na ce, "Hajiya, ba kin ce ba da yawunki ba?" Ta ce, "Har yanzu ba da yawuna ba. Amma matar ɗana ba za ta zauna ita kaɗai cikin ƙartin nan ba."

Ustazu Karam ne mai rubutu a allo. Da ya zo kan sunana sai alli ya karye. Na tashi na karɓi guntun na rubuta da kaina. Sannan lasifika ta faɗa, har gonar rake. Wani ya yi fito daga baya. Hajji Dandarawi ya ce, "To, Ummu Afaf, an ji suna. Sai a gaya mana abin da mata suka sani game da ilimi."

Na kalli tsakiyar rawaninsa kamar yadda ka ce. Duk jawabin da na haddace ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Ni ban san ilimi ba, Hajji, a aji huɗu na tsaya. Tambaya ɗaya ce da ni. Duk wanda 'yarsa ta sha ruwa yau da safe kafin ta taho, ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Ba su sani ba ne, Yaya, kamar yadda ni ma ban sani ba. Sai aka jiyo muryar uwar Su'ad daga bayan katanga, "Ba su sha ba! Ba sa sha!" Sauran mata suka ɗauka. Na ce to a tashi a je a ga dalili, taku ashirin ne. Ustazu Mitwalli ya ce ba ya cikin tsarin taro. Mai sayar da takin nan, mai giɓin da ka sani, shi ya fara tashi. Yana da 'ya a aji uku. Suka je suka leƙa, suka dawo ba mai kallon wani.

Da aka ɗaga hannu don zaɓe na zo ta biyar, da ratar hannu biyu. Hajji Dandarawi na nan a kujerarsa ta shugaba, kuma a zaman farko sau uku yana yin kamar bai ji ni ba. Yara sun bi Afaf da sunana kwana biyu, kamar yadda ka ce. Ta ce musu, "E, sunanta ke nan, ku naku uwayen ba su da shi ne?" Ban san inda ta samo baki ba.

An fitar da bencina. An yi ƙyaure uku, an ɗaga su faɗin tafin hannu. Su'ad ba ta dawo ba tukuna, ubanta ya ce sai ya yi tunani, na je sau biyu, zan koma. Amma wasu biyu sun dawo.

Muna cikin gardamar sakata, Hajji na cewa a ɗaura igiya ta isa, sai ga Rumani ranar Talata da 'yar jakar leda. Sakata uku, na ƙarfe mai kyau, an shafa musu mai, kowace da kusoshinta a ƙulle a tsumma. Ni na nuna wa kafinta inda zai sa, na kira wata 'yar aji ɗaya ta gwada. Ta rufe, ta buɗe, ta rufe, ta ƙi fitowa.

Yau da safe Afaf ta sha shayi kofi biyu. Ta tambaye ni wa zai sa hannu a katin Janairu. Na ce ni. Ta ce, "To wa zai gaya wa Baffa makina?" Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

Sakatun sun iso, abin da aka ce in rubuta ke nan. Na tambayi Rumani ko akwai wani abu bayan su, ya ce babu. Na san babu, kai ka faɗa. Duk da haka da na shiga ɗaki na zazzage jakar, na juya cikinta waje, na warware tsumman kusoshin ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya tsare ka, Yaya Hifni Abdur-Radi.

Wahiba